Zangon Karatu a Hamburg: Tambayoyi da Amsoshi ga Ɗaliban Musaya

Waɗannan amsoshi an shirya su ne domin ɗalibin da jami'arsa ta tura shi birnin Hamburg na ƙasar Jamus ya yi zango ɗaya ko biyu, sannan ya koma gida ya ƙarasa karatunsa. Mai zuwa digiri cikakke yana da shekarun da zai yi kuskure ya gyara, amma ɗalibin musaya watanni shida ko shekara ɗaya ne kawai a hannunsa, don haka duk makon da ya salwanta wajen neman ɗaki ko gyara takarda ya fita ne daga cikin karatun da ya zo yi.

Wane irin gari ne Hamburg, kuma yaushe ya kamata in isa?

Hamburg shi ne birni na biyu mafi girma a Jamus bayan Berlin, yana da mutane kusan miliyan biyu, kuma gari ne na tashar jiragen ruwa da ke bakin kogin Elbe a arewacin ƙasar. An kafa Jami'ar Hamburg a shekarar 1919, babban gininta yana daf da tashar jirgin ƙasa ta Dammtor, kuma a cibiyarta ta nazarin Asiya da Afirka ana koyar da Hausa. Ɗan wannan gari ne Heinrich Barth, wanda aka haifa a 1821, ya shiga Kano a 1851 yana amsa sunan Abdulkarim.

Zangon hunturu yana farawa ranar 1 ga Oktoba ya ƙare 31 ga Maris, na bazara kuma daga 1 ga Afrilu zuwa 30 ga Satumba, sai dai laccocin hunturu ba sa kankama sai wajen tsakiyar Oktoba. Abin da ya fi shi ne ɗalibi ya sauka makonni biyu kafin a shiga aji, domin a wannan tsakanin ne ake yin makon tarbar baƙin ɗalibai, kuma a cikinsa ne zai gama da ofisoshi. Daga filin jirgin sama, jirgin ƙasa mai lamba S1 yana kai mutum babbar tashar gari cikin kimanin minti 25, saboda haka babu dalilin kashe kuɗi a tasi sai idan kaya sun yi yawa.

Ta ina zan fara da takardu, tunda kowa yana cewa suna da yawa?

Yawansu bai kai wahalar jerinsu ba, domin kowace takarda tana jiran wata. Tushen komai shi ne adireshi. Idan ɗalibi ya shiga ɗakinsa, mai gidan zai ba shi takardar shaidar cewa lallai a nan yake zaune, wadda ake kira Wohnungsgeberbestätigung, kuma da wannan takarda da fasfo zai je ofishin hukuma ya yi rajistar mazauni, wato Anmeldung. Doka ta ba da kwana 14 daga ranar shiga gida, kuma tarar jinkiri tana iya kaiwa Yuro 1,000. Da yake ba a cika samun ranar ganawa nan take ba, ya kamata a nemi rana ta intanet tun kafin a taso daga gida, a kuma ajiye shaidar cewa an nema a kan lokaci.

Takardar da za a ba shi bayan rajistar ita ce mabuɗin sauran ƙofofin. Da ita zai buɗe asusun banki na yau da kullum, da ita ofishin baƙi zai saurare shi, kuma bayanta ne za a aiko masa da lambar haraji ta gidan waya. Jami'a kuma ba ta kammala rajistar ɗalibi sai kamfanin inshorar lafiya ya aiko mata da tabbaci, kuma sai an biya kuɗin zango. Wanda ya fahimci wannan jeri zai gama cikin makonni biyu ko uku, wanda kuma ya fara da na ƙarshe zai yi ta zirga-zirga ana mayar da shi baya.

Akwai wani ƙaramin abu da yake jefa baƙi da yawa cikin matsala, wato rubuta suna a jikin akwatin wasiƙa. A Jamus ba a sa lambar ɗaki a ambulan, sunan mahaifi ko na iyali ne ma'aikacin gidan waya yake nema, kuma idan bai gan shi a jikin akwatin ba sai ya mayar da wasiƙar inda ta fito. Katin banki da lambar sirrinsa da katin inshora da kiran ofishin baƙi duk ta wannan akwati suke zuwa. Ga wanda ya saba da sunaye uku, sai ya tabbatar cewa sunan da ke matsayin na iyali a fasfonsa shi ne a jikin akwatin, kuma kada ya jefar da wasiƙa don kawai da Jamusanci take, domin yawancinsu suna ɗauke da wa'adi.

Yaya batun biza da izinin zama?

Ɗan Nijeriya ko Nijar ko Gana yana buƙatar bizar karatu ta dogon zama, wadda ake nema a ofishin jakadancin Jamus, kuma bizar ziyara ta kwana 90 ba ta juyewa ta koma izinin karatu bayan an shigo. Idan bizar da aka buga ta rufe dukan watannin musayar, babu wani ƙarin aiki. Idan kuwa za ta ƙare kafin zangon ya ƙare, wajibi ne a shigar da neman izinin zama kafin ranar ƙarewarta, domin wanda ya nema a kan lokaci zamansa yana nan halal har a yanke hukunci, wanda kuma ya bari ta mutu a hannunsa ya shiga wani babi dabam.

Cikin sharuɗɗan akwai shaidar abin dogaro. Tun daga Satumbar 2024 adadin da ake nema shi ne Yuro 992 a kowane wata, wato 11,904 a shekara, kuma ana zuba kuɗin ne a wani asusu na kulle da ake kira Sperrkonto, wanda ba ya sakin fiye da rabon wata guda a lokaci ɗaya. Wanda yake da tallafin karatu, irin na hukumar musayar ilimi ta Jamus mai suna DAAD ko na shirin Erasmus+ na Tarayyar Turai, yana gabatar da takardar tallafin ne a madadin haka gwargwadon abin da ta ƙunsa.

Ina zan samu ɗaki, kuma ta yaya zan gane macuci?

Wannan ita ce tambaya mafi nauyi a Hamburg. Gidajen kwanan ɗalibai na hukumar kula da walwalar ɗalibai, wato Studierendenwerk, su ne mafi sauƙi, kuma ofishin harkokin ƙasashen waje na jami'a yakan tanadi wasu ɗakuna domin ɗaliban musaya. Shawarar da ba ta da madadi ita ce a cike takardar neman ɗakin a ranar da takardar karɓa ta iso, kuma a karɓi duk abin da aka bayar, ko da unguwar tana da nisa, domin nisan minti 40 a jirgin ƙasa ya fi kwana uku a otal araha.

Wanda bai samu ba sai ya nemi ɗaki a gidan haɗaka da ake kira WG, inda kowa yake da ɗakinsa amma ana tarayya a kicin da banɗaki. Irin wannan ɗaki a Hamburg yana kaiwa Yuro 600 a wata ko fiye, kuma mazauna gidan ne suke zaɓen wanda zai shigo bayan sun zauna sun yi hira da shi. Yawancin waɗannan gidaje maza da mata ne a haɗe, don haka wanda ba ya son haka ya faɗa tun a wasiƙar farko, babu mai ganin laifinsa. Mai gida yana da ikon karɓar kuɗin ajiya, amma doka ta hana su wuce hayar wata uku ba tare da kuɗin ɗumama gida da sauran hidimomi ba, kuma ta yarda a biya su kashi uku.

Macuta kuwa salonsu kusan ɗaya ne. Ɗakin yana da kyau fiye da kuɗinsa, mai shi ya ce ya yi tafiya wata ƙasa, sannan ya nemi a tura masa kuɗi domin ya aiko da makulli. Kada a biya ko sisi kafin a ga ɗaki ko a sa wani amintacce ya gani, kuma kada a tura hoton fasfo ga wanda ba a sani ba. Haka nan ɗakin da mai shi ya ce ba zai ba da takardar rajista ba, ba shi da amfani ga baƙo komai arhansa. A ranar shiga, a ɗauki hoton kowane tabo da ke bango da ƙasa, domin su ne hujja a ranar fita.

Nawa zan kashe a wata?

Ba a biyan kuɗin makaranta a Jami'ar Hamburg, amma akwai kuɗin zango na sama da Yuro 300, wanda a cikinsa akwai tikitin sufuri. Inshorar lafiya ta ɗalibai tana cin sama da Yuro 100 a wata, kuma wannan rangwame na waɗanda ba su kai shekara 30 ba ne, abin da ya kamata manyan ɗalibai masu digiri na biyu su lura da shi tun daga gida. Akwai kuma harajin rediyo da talabijin na Yuro 18.36 a wata a kan kowane gida, ko akwai talabijin ko babu, kuma a gidan haɗaka mutum ɗaya ne yake biya sauran su raba da shi. Idan aka cire haya da waɗannan daga Yuro 992, abin da zai rage na abinci ba shi da yawa, shi ya sa wanda ya iya girki ya fi kowa kwanciyar hankali. Watan farko shi ne mafi tsada, domin haya da kuɗin ajiya da kuɗin zango suna haɗuwa, asusun kulle kuma ba ya buɗewa sai an samu asusun yau da kullum, saboda haka a riƙo tsabar kuɗin da za su isa makonni uku ko huɗu.

Zan iya yin aiki?

Doka ta yarda da kwana 140 cikakku ko rabin yini 280 a shekara, kuma mafi ƙarancin albashi tun daga Janairun 2026 shi ne Yuro 13.90 a awa. A ganina mai zango ɗaya kada ya gina lissafinsa a kan aiki, domin kafin ya samu lambar haraji ya kuma samu wurin da zai ɗauke shi ba tare da Jamusanci ba, jarrabawa ta ƙarato.

Me zan zo da shi daga gida, me kuma zan bari?

A bar kilishi da dambun nama da man shanu a gida, domin dokar Tarayyar Turai ta hana matafiyi shigo da nama da kayan madara daga waje, kuma jami'an kwastan suna ƙwacewa, wani lokaci har da tara. A zo da ainihin takardun makaranta da kwafinsu, da hotunan fasfo, da magungunan da likita ya ɗora mutum a kai tare da takardar likitan. Soket ɗin Jamus mai baki biyu zagayayyu ne, don haka ɗan Nijeriya da ɗan Gana suna buƙatar adafta. Rigar sanyi kuwa gara a saye ta a can, a shagunan gwanjo ma ana samun mai kyau, domin wadda take maganin sanyin Jos ba ta tare iskar Elbe. Buta ba ta da nauyi, kuma ba a kowane shago ake samunta ba.

Yaya zan yi da sanyi da duhu?

Sanyin Hamburg ba shi ne mafi tsanani a Turai ba, amma yana zuwa da yayyafi da iska da gajimare na kwanaki. Abin da ya fi taɓa baƙo shi ne duhu, domin a Disamba rana ba ta fitowa sai wajen ƙarfe takwas da rabi, kuma ƙarfe huɗu na yamma ta faɗi. Mutum yana iya shiga aji da duhu ya fito da duhu, sai kasala da kewar gida su taru masa, ya fara ƙin fita. Maganin da aka sani shi ne a fita da tsakar rana ko na rabin awa ne, a zaga tafkin Alster ko lambun Planten un Blomen da ke kusa da jami'a, kuma a shiga wasannin motsa jiki na jami'a. Wanda ya ga abin ya wuce kewa, jami'a tana da masu ba da shawara kyauta kuma a asirce.

A cikin ɗaki ma akwai ilimi. Wanda ya rufe tagogi ruf don gudun sanyi zai ga bango ya yi baƙin funfuna, kuma daga kuɗin ajiyarsa za a cire na gyara. Al'adar can ita ce a buɗe taga gaba ɗaya na minti biyar zuwa goma sau biyu a rana, sannan a rufe. Haka kuma ƙasan banɗaki yawanci ba shi da magudana, don haka mai alwala ya goge ruwan da ya zuba, domin wannan yana cikin abubuwan da suke haddasa saɓani a gidan haɗaka.

Ina zan samu abincin halal da masallaci?

Unguwar St. Georg, musamman titin Steindamm da ke bayan babbar tasha, cike take da mahauta da shagunan Turkawa da Larabawa da 'yan Afganistan, kuma masallatai suna da yawa a kewayen. Hamburg tana da ɗimbin 'yan Gana, cikinsu akwai mutanen zango masu jin Hausa, kuma a shagunan 'yan Afirka ana samun doya da manja da kuɓewa. Kiristoci ma za su samu majami'un 'yan Afirka da ake ibada da Turanci. A manyan shaguna irin su Aldi da Lidl da Penny, kalmomin da za a lura da su a jikin kwali su ne Schwein da Schinken da Speck da Gelatine, a ɗakin cin abincin jami'a kuma, wato Mensa, kullum akwai abincin da babu nama a ciki.

Lokutan salla suna motsi sosai. A tsakiyar hunturu Azahar da La'asar da Magariba suna faɗowa ne cikin awa huɗu, daidai lokacin lacca, a watan Yuni kuwa rana ba ta faɗuwa sai kusan ƙarfe goma na dare. Ba a jin kiran salla a titi, sai a dogara da jadawalin masallaci. Shaguna suna rufe ranar Lahadi, in ban da 'yan kaɗan da ke cikin manyan tashoshi, don haka cefanen mako na Asabar ne. Ruwan famfo ana shansa, kuma robar lemo da gwangwani suna da ajiyar santi 25 da ake karɓa idan an mayar da su shago.

Yaya sufuri yake?

Tikitin ɗalibi yana aiki a bas da jiragen ƙasa na cikin gari, da jiragen yanki a duk faɗin Jamus, amma ba ya aiki a jiragen nesa masu gudu irin su ICE da IC. Yana aiki har a jirgin ruwa mai lamba 62 da ke tashi daga Landungsbrücken, wanda shi ne hanya mafi araha ta ganin tashar jiragen ruwa. Tashoshi ba su da shinge, kuma wannan yana ruɗin baƙo, amma masu bincike suna shigowa ba zato, tarar kuma Yuro 60 ce. A kwanakin farko, kafin tikitin zango ya fara aiki, sai a sayi na yini. A gefen titi kuma a kiyaye jan layin masu keke, domin ba sa tsayawa.

Me ya bambanta ajinsu da namu?

Ɗalibi ne yake zaɓen darussansa ta manhajar jami'a mai suna STiNE, kuma dole su dace da yarjejeniyar darussa da jami'o'in biyu suka sa wa hannu, in ba haka ba ya dawo gida da makin da sashensa ba zai lissafa ba. Cikakken zango maki 30 ne a ma'aunin ECTS da jami'o'in Turai suke lissafa nauyin darussa da shi. Duk sauyin da aka yi bayan isowa a rubuta wa jami'ar gida a samu amincewarta a rubuce, domin alkawarin baki ba ya tsira idan shugaban sashe ya sauya. A kuma bincika ko rajistar darasi ta haɗa da ta jarrabawa, domin ba kullum suke tafiya tare ba.

Sakamako yana tafiya ne a juye, 1.0 shi ne mafi kyau, 4.0 shi ne iyakar ci, 5.0 kuma faɗuwa. Idan aka rubuta c.t. a gaban lokaci, lacca tana farawa ne minti 15 bayan lokacin da aka rubuta, idan kuma s.t. ne, a kan daidai. A ajin tattaunawa ana sa ran ɗalibi ya yi magana, har ya saɓa wa malami da hujja, kuma shirun da muke ɗauka ladabi su a wurinsu alama ce ta wanda bai karanta ba. Ana kiran malami da Herr ko Frau tare da sunan iyalinsa, ana ganinsa a lokacin ganawar da ya ware, kuma ba a kai masa tsaraba kafin jarrabawa. Kwafe rubutun wani ba tare da ambatonsa ba yana soke darasin gaba ɗaya. Idan aka tashi daga lacca aka ji ɗalibai suna ƙwanƙwasa tebur, tafinsu ke nan.

Idan na kamu da rashin lafiya fa?

A fara da likitan unguwa, a tafi da katin inshora. Da dare ko a ƙarshen mako ana kiran 116117, a halin gaggawa 112, 'yan sanda kuma 110. Ba a sayar da maganin kashe ƙwayoyin cuta sai da takardar likita. Wanda zazzaɓi ya kama a makonnin farko ya gaya wa likita a fili cewa daga ƙasar da ake da zazzaɓin cizon sauro ya zo, domin likitan can ba zai fara zato daga nan ba, alhali a Hamburg ɗin ne cibiyar Bernhard Nocht ta cututtukan ƙasashe masu zafi take tun shekarar 1900.

Ta yaya zan yi abokai, kuma ina tsoron wariya?

Mutanen arewacin Jamus ba su da doguwar gaisuwa, kalma ɗaya ce, Moin, safe da yamma, kuma maƙwabci yana iya wuce mutum wata guda bai tambaye shi gajiya ba, wannan kuwa ba ƙiyayya ba ce. Abota tana ƙulluwa ne a wurin wani aiki, kamar shirin PIASTA na jami'a da ke haɗa baƙi da 'yan gida, ko musayar harshe da ɗaliban da ke koyon Hausa, waɗanda suke neman mai magana da su. Daga ƙarfe goma na dare zuwa shida na safe lokacin shiru ne, don haka doguwar waya da gida a yi ta da murya ƙasa. Wariyar launin fata tana faruwa, musamman wajen neman gida, kuma wanda ya gamu da ita ya rubuta rana da wuri da abin da aka faɗa, ya kai ofishin jami'a da ke karɓar irin wannan ƙorafi.

Me zan yi kafin in koma gida?

A soke rajistar mazauni, wato Abmeldung, a cikin makon ƙarshe, kuma da takardar da za a bayar a dakatar da inshorar lafiya da harajin rediyo da kwangilar waya, domin babu ɗayansu da ke tsayawa da kansa, bashin kuma yana bin mutum har ranar da zai sake neman biza. A share ɗaki, a miƙa makullai a gaban mai gida, a karɓi takardar da ke nuna halin da aka bar ɗakin. Kuɗin ajiya yakan ɗauki watanni kafin ya dawo, don haka kada a rufe asusun banki sai ya shigo, ko kuma a ba mai gida wani asusun a rubuce. A mayar da littattafan laburare, sannan a nemi takardar sakamako, a kuma tambayi ofishin sashe ko za a aika ta kai tsaye zuwa jami'ar gida, tunda wasu malaman ba sa gama duba dogon rubutun zango sai bayan ɗalibi ya tashi.